Ƙananan Yaranmu da Magungunan Ƙwaƙwalwa: Abin da Ya Kamata Iyaye da Dattawa Su Sani

(Jawabin da aka gabatar a taron dattawan ikilisiyoyi, shugabannin zumuntar mata da malaman makarantar Lahadi)

 

Batun da aka ba mu yau ya shafi gidaje da yawa, ko da yake ba a cika yin maganarsa a fili ba. Da wuya a sami ikilisiyar da ba ta da yaro ɗan shekara uku ko huɗu ko biyar wanda ya gagari kowa: ba ya zama wuri ɗaya, yana cizon 'yan'uwansa, in ya fara kuka sai ya yi ta buga kansa a ƙasa. Akwai kuma wadda ta daina magana, tana firgita da dare, ta koma fitsarin kwance bayan ta riga ta bari. Sau da yawa uwar irin wannan yaro takan daina zuwa sujada saboda kunya. Maƙwabta kuwa kowa da tasa shawara. Wani ya ce bulala ce ta yi kaɗan, wani ya ce aljani ne, wani ya ce a je kyamis a sayo abin da zai sa shi barci. Yanzu kuma ga waɗanda suka kai yaro asibiti, likita ya rubuta maganin ƙwaƙwalwa, sai su zo wurin dattijo ko fasto suna tambaya ko su ba shi ko kada su ba shi. Mu ba likitoci ba ne, ba kuwa aikinmu ba ne mu rubuta magani ko mu soke shi. Amma tun da wurinmu ake fara zuwa, dole mu san abin da za mu faɗa.

Abin da ya faru a Amurka

Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ƙasar da ta fi kowace nisa a wannan hanya ita ce Amurka, saboda haka bari mu duba abin da ya same su.

A shekarar 1937 wani likita mai suna Charles Bradley, a jihar Rod Ailan, ya lura cewa wani magani mai zaburar da ƙwaƙwalwa yana sa wasu yara masu wuyar hali su natsu su mai da hankali ga karatu. Daga baya aka sami metilfenidet, wanda aka fi sani da sunan Ritalin, ya zama babban maganin lalurar rashin natsuwa da yawan motsi, wadda likitoci ke kira ADHD a taƙaice. Lalurar gaskiya ce. Binciken da aka tattara daga ƙasashe da dama ya nuna tana samun wajen yara 5 cikin 100, kuma maganin yana taimakon yara da yawa da suka kai shekarun makaranta.

Matsalar ta taso ne lokacin da aka fara saukowa da magungunan zuwa ga 'yan ƙanana. A shekarar 2000 wani bincike da aka buga a mujallar ƙungiyar likitocin Amurka ya nuna cewa tsakanin 1991 da 1995 rubuta irin waɗannan magunguna ga yara 'yan shekara 2 zuwa 4 ya ƙaru ƙwarai, alhali ba a gwada yawancinsu a kan yara masu waɗannan shekaru ba. Wani binciken na 2007 ya gano cewa cikin kimanin shekara goma, daga 1994 zuwa 2003, yawan zuwan yara da matasa asibiti da sunan ciwon baifola, wato ciwon da ke kai mutum daga matsanancin zumuɗi zuwa matsanancin baƙin ciki, ya ninka kusan sau 40. Ba ciwon ne ya yaɗu kamar annoba ba, sunan ne aka riƙa liƙa wa yara masu yawan fushi.

A watan Disamba na 2006, a jihar Masachusets, wata yarinya 'yar shekara 4 ta mutu a gidan iyayenta. Tun tana 'yar shekara 2 aka ce tana da ADHD da baifola, aka ɗora ta a kan magunguna uku masu ƙarfi. Binciken gawa ya nuna maganin da ake kira kulonidin ya yi mata yawa a jiki. A 2010 kotu ta sami uban da uwar da laifin kisa, domin an nuna suna ba ta fiye da ƙima don ta yi shiru. Abin da ya fi ba da tausayi shi ne, tun kafin ta mutu ma'aikatan makarantarta sun ga yadda jikinta ya saki, ba ta da kuzari. Wannan labari ya girgiza ƙasar, ya sa likitoci da hukumomi suka sake duba yadda ake ba ƙananan yara magani.

Abin da bincike ya nuna

Gwamnatin Amurka ta ɗauki nauyin wani babban gwaji a kan yara 303 'yan shekara 3 zuwa 5 da rabi masu tsananin ADHD, aka fitar da sakamakonsa a 2006. Kafin a ba kowane yaro magani, sai da aka fara koya wa iyayensa dabarun tarbiyya na tsawon mako goma. Waɗanda wannan bai wadatar da su ba ne aka ba su metilfenidet kaɗan kaɗan. Maganin ya yi aiki, amma bai kai yadda yake yi wa manyan yara ba, illolinsa kuma sun fi yawa: rashin cin abinci, rashin barci, yawan kuka da saurin fushi. Wajen yara 11 cikin 100 sai da aka dakatar musu da shi saboda illa. Waɗanda suka ci gaba da sha, girmansu ya ragu da fiye da santimita 1 a tsawo da fiye da kilo 1 a nauyi cikin shekara, idan aka kwatanta da abin da ake sa ran su kai.

Saboda irin wannan sakamako, ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce a 2011, ta kuma sake nanatawa a 2019, cewa ga yaro ɗan shekara 4 ko 5 koyar da iyaye shi ne magani na fari, ƙwaya sai idan wannan ya gaza kuma lalurar tana cutar da yaron sosai. A Ingila ƙa'idar 2018 ta ce kada a ba yaron da bai kai shekara 5 ba maganin ADHD sai an nemi ra'ayin ƙwararre na biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa, a jagorar da ta tsara wa ma'aikatan lafiya na ƙasashe irin namu, wadda aka sabunta a 2016, ta ce kada a ba yaron da bai kai shekara 6 ba maganin ADHD, kada kuma a ba wanda bai kai shekara 12 ba maganin ciwon damuwa. Ta kuma ce taurin kai da rashin ji kaɗai ba a yi musu maganin ƙwaya.

Akwai dalili. A 2004 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, takwarar NAFDAC ɗinmu, ta sa a rubuta gargaɗi mafi ƙarfi a kan magungunan damuwa, bayan an ga cewa a gwaje-gwaje wajen yara da matasa 4 cikin 100 da suka sha su sun yi tunanin kashe kansu ko yunƙurin haka, alhali cikin waɗanda aka ba ƙwayar da ba magani a ciki 2 ne cikin 100. Haka kuma risferidon, wanda hukumar ta amince a 2006 a riƙa bai wa yara masu lalurar otizim, wadda wasu ke kira galahanga, daga shekara 5 zuwa sama idan suna yawan duka ko ji wa kansu rauni, yana rage wannan hali da gaske, amma yana kawo ƙiba da sauri, yawan barci, wani lokaci da rawar jiki ko motsin baki da yaro ba zai iya hanawa ba. Ba ya kuma warkar da lalurar kanta.

To, 'yan'uwa, abin da muka koya ke nan: magungunan nan suna da amfani ga wanda ya dace, a hannun wanda ya san su, kuma gwargwadon ƙanƙantar yaro, gwargwadon hattarar da ake bukata.

A fara tambaya: me ke damun yaron?

Kafin a yi maganar ƙwaya, sai an nemi tushen abin. Abubuwa da yawa suna kama da ciwon ƙwaƙwalwa a wurin yaro, kuma da yawansu suna nan tare da mu.

Yaron da ba ya ji sosai saboda ciwon kunne ko sanƙarau da ya taɓa yi, za a ce ya raina mutane. Yaron da zazzaɓin cizon sauro ya taɓa hau masa ƙwaƙwalwa har ya suma, yana iya warkewa ya bar masa rashin natsuwa da saurin fushi. Ƙarancin jini, yunwa da rashin isasshen barci duk suna canja halin yaro. Akwai wata irin farfaɗiya da ba ta kayar da yaro, sai dai ya tsaya ya ƙura ido na 'yan daƙiƙoƙi, malami ya ɗauka wasa yake yi. Fenobabiton, wanda ake yawan bai wa yaranmu saboda jijjiga, shi kansa yana sa wasu yara yawan motsi da rigima, kuma likita zai iya canja shi idan an gaya masa. Gubar dalma ma haka. Ba mu manta da abin da ya faru a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a jihar Zamfara a 2010 ba, inda yara aƙalla 400 suka mutu saboda ƙurar duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Dalma ko kaɗan ce tana taɓa hankali da halin yaro, kuma ana samunta a wasu nau'o'in kwalli da ake sa wa jarirai.

Sai kuma abin da ido ya gani. Wasu ikilisiyoyinmu sun sha gudu cikin dare, wasu yaran sun ga an kashe ko an sace nasu. Yaron da ya ga haka yakan firgita, ya manne wa uwarsa, ya yi faɗa, ya daina magana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2013 kada a ba irin waɗannan yara magungunan sa barci na dangin Valium saboda firgita ko rashin barci. Abin da suke bukata shi ne wuri mai aminci, mutum ɗaya da ba ya canjawa a kusa da su, da tsarin yini da suka saba. Haka nan yaron da ake dukan uwarsa a gabansa, ko wanda wani babba yake lalata da shi a ɓoye, halinsa zai canja, kuma babu ƙwayar da za ta gyara abin da ke faruwa a gidan.

Mu kuma tuna da shekaru. Wani bincike a Amurka a 2018 ya nuna cewa yaran da suka fi ƙanƙanta a ajinsu an fi cewa suna da ADHD da kusan kashi 30 cikin 100, idan aka kwatanta da waɗanda suka girme su da wata goma sha ɗaya a aji ɗaya. Mu da muke kai ɗan shekara biyu makaranta mu ce ya zauna a benci awa huɗu, mu yi tunani a kan wannan. Likitan kirki ba ya sa wa yaro sunan ADHD sai halin ya kai aƙalla wata shida, ana ganinsa a wuri fiye da ɗaya, kamar gida da makaranta, ya kuma wuce abin da aka sani ga tsaransa.

Ramuka biyu da ke gabanmu

A ƙasarmu likitocin ƙwaƙwalwa 'yan ɗaruruwa ne kawai ga mutane fiye da miliyan 200, masu kula da yara a cikinsu kuwa ba su da yawa ko kaɗan. Saboda haka haɗarinmu ya bambanta da na Amurka, kuma iri biyu ne.

Rami na fari shi ne maganin kyamis ba tare da likita ba. Uwa ta gaji, tana da kasuwa ko gona, sai a ce ta ba yaro Piriton ko Phenergan ko rabin Valium ya yi barci. Phenergan yana iya tsayar da numfashin yaron da bai kai shekara 2 ba, an kuma hana ba su shi. Valium yana sa jiki ya saba da shi har ya kasa bari. Maganin tari mai kodin kuwa, gwamnatin tarayya ta hana yin sa da shigo da shi a watan Mayu na 2018 saboda ɓarnar da ya yi wa matasanmu. Sa yaro barci domin babba ya huta zalunci ne, ko da an yi shi cikin rashin sani. Haka ma ɗaukar maganin wani yaro ko na babba a ba wani, domin ana auna maganin yara ne da nauyin jikinsu.

Rami na biyu ya fi kusa da mu masu hidima. Shi ne a ce duk yaron da ya fita dabam aljani ne ko maye ne, a sa shi azumin dole, a ɗaure shi, a yi masa bulala da sunan ceto. Mun ji yadda wannan ya kai a jihar Akwa Ibom, inda aka kori yara daga gidajensu aka azabtar da su, har jihar ta sa hukunci a dokarta ta kare haƙƙin yara ta 2008 a kan mai kiran yaro maye. Kada a ji irin wannan a cikinmu. A Yohanna sura 9 almajirai sun nemi sanin wanda ya yi zunubi har aka haifi mutum makaho, Ubangiji kuwa ya kawar da zargin daga kansa da iyayensa duka. Cikin wannan rami ne kuma ake cewa iyaye su zubar da maganin asibiti domin su nuna bangaskiya. Tsayar da maganin farfaɗiya farat ɗaya yana iya jawo jijjigar da ba ta tsayawa har ta yi kisa. Kulonidin ma idan aka yanke shi kwatsam jini yana iya hawa. Allahn da ya amsa addu'ar sarki Hezekiya shi ne ya sa annabi Ishaya ya ce a ɗora masa curin ɓaure a kan marurunsa, Luka kuma da ya rubuta mana Bishara likita ne. Mu yi addu'a da dukan zuciya, mu kuma bar canjin magani a hannun wanda ya rubuta shi.

Koyar da iyaye: mene ne shi?

Kada wani ya ji an ce koyar da iyaye ya ɗauka ana nufin su ne suka ɓata yaron. Yaro mai wuya yana bukatar dabarar da sauran yara ba su bukata. Ga kaɗan daga abin da ake koyarwa. A ware minti goma ko sha biyar kowace rana a yi wasa da yaron, shi ne zai ja gaba, ba faɗa ba gyara. A yabe shi nan take idan ya yi daidai, a kuma faɗi abin da ya yi, misali, "Madalla da ka ajiye takalminka." A ba shi umarni ɗaya a lokaci ɗaya, a gajarce, ana kallon idonsa. Ƙananan rigingimu na neman a kula shi, a kau da kai. Idan ya yi duka ko cizo, a zaunar da shi a gefe na 'yan mintoci ba tare da tsawa ba, kuma kowa a gidan ya bi ƙa'ida ɗaya, har da kaka. Lokacin ci da na barci su tsaya, a rage masa kallon waya da talabijin, a bar shi ya yi gudu a waje. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma mai tanƙwarawa da ƙarfi karya shi yake yi. Yawan duka yana koya wa yaro cewa mai ƙarfi shi ke da gaskiya, sai ya je ya gwada a kan ƙanensa.

Idan likita ya rubuta magani

Akwai yaran da duk an yi wannan amma suna ji wa kansu ko wasu rauni, ko sun kasa zama a kowace makaranta. Hana irin wannan yaro magani shi ma cutarwa ce. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa cikin Kaduna, da Maiduguri, da Kware a jihar Sakkwato, akwai kuma sassan kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa na Jos, Zariya da Kano. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairu 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta ba marar lafiya da masu kula da shi haƙƙin a yi musu bayani. Saboda haka iyaye su tambaya ba tare da jin tsoro ba: Mene ne sunan lalurar, kuma ta yaya aka gane ta? Wane hali ne ake so maganin ya gyara? Me za mu gwada kafinsa ko tare da shi? Waɗanne illoli za mu sa wa ido? Yaushe za mu dawo, kuma har zuwa yaushe zai sha? A riƙa auna tsawo da nauyin yaron a kowane zuwa. A sami ɗan littafi ana rubuta cinsa, barcinsa da halinsa. A kulle maganin inda yara ba za su kai ba. Idan aka ga yaro yana barci fiye da ƙima, jikinsa ya saki ko ya sandare, ko numfashinsa ya canja, a kai shi asibiti a ranar, kada a jira ranar da aka ba su. Idan kuma aka rubuta wa ƙaramin yaro magungunan ƙwaƙwalwa biyu ko uku a haɗe, neman ra'ayin wani likita ba raini ba ne.

Aikin da ya rage mana

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muna roƙon kowace majalisar dattawa ta san gidajen da ke da irin waɗannan yara, ta ziyarce su, ta kuma riƙe sirrinsu. Zumuntar mata ta tsara waɗanda za su riƙa karɓar yaron na 'yan awoyi a mako domin uwar ta huta, gama gajiya ce take kai mata da yawa ƙofar kyamis. Malaman makarantar Lahadi su zaunar da yaro mai yawan motsi a gaba, su ba shi aikin raba littattafai ko share allo, su gajarta darasi. Daga asusun taimako a riƙa cire kuɗin mota zuwa asibiti, domin sau da yawa kuɗin tafiya ne yake yanke magani a tsakiya. Inda muke da nas ko ma'aikacin lafiya a cikin membobi, a ba shi lokaci ya koyar. Wanda kuma ya ga yaro yana lalacewa a hannun magani ko a hannun bulala, ya yi magana, ya sake yin magana har a ji. Ɗa na kowa ne.

Ubangiji da ya ɗauki yara ƙanana a hannunsa ya sa musu albarka, ya ba mu hikima da haƙuri mu yi renon waɗanda ya danƙa mana. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya. Amin.